Alhaji Ɗanbaba da Damben Ƙanƙara

Jama'ar unguwar Rusaifa ta Makka, salamu alaikum. An ce in rubuta wani abu a kan marigayi Alhaji Ɗanbaba mai nama, tunda ni na fi kowa daɗewa ina shan baƙar maganarsa. Na karɓa. Karatuna bai yi nisa ba, amma ya isa in rubuta tarihin Bakabe, don mu Katsinawa tun asali mu ke riƙe musu alƙalami. Da yana raye da ya ce ƙarya nake, to ga shi babu dama.

Duk wanda ya san Alhaji ya san kalmarsa: "A maimaita!" Mutum ya yi tuntuɓe a ƙofar shagonsa, kafin ya ce sannu sai ya ce a maimaita. Ni kaina na taɓa zamewa a ruwan wankin shagon, na zube da ledar tumatir a hannu, ina kwance ina salati na ji shi daga ciki: "A maimaita, Bakatsine! Ban gani da kyau ba, ina yankan hanta."

Asalin kalmar daga talabijin ne. Lokacin da dishi ya shigo gari, Alhaji ya rataye wata ƙaramar talabijin a saman shago, kusa da ƙugiyoyin nama. A zamanin nan tashoshin wasanni na ƙasashen waje ba su da kunya ko kaɗan. Sai su tattaro duk inda aka yi wa mutum mugun karo a cikin mako, su jera, su sa kiɗa, mai sharhi yana ihu yana dariya kamar an yi masa haihuwa. Ƙato zai taho a guje ya daki ɗan'uwansa da ka, hular kwano ta yi sama, sai a dawo da abin a hankali, a nuna ta gaba, a nuna ta baya, a nuna ta sama. Wasanni biyu suka fi wannan ta'asa. Akwai ƙwallon Amurka, wadda Alhaji ya raɗa wa karon raguna, akwai kuma hoki da ake yi da sanduna a kan ƙanƙara, shi ne damben ƙanƙara. Har kaset-kaset na bidiyo ya cika da su, ya adana a kwalin dabino.

Kada ku ga laifinsa da yawa. Gidan mahauta ya fito, dambe gadonsu ne. Yayansa Audu, can gida, ɗan dambe ne da aka yi wa kiɗa da kalangu, kuma ba a yini Alhaji bai ba da labarinsa ba. Shi kansa bai taɓa ɗaura zare a hannu ba, don yana yaro aka taho da shi Makka. Sai ya ɗora burinsa kaf a kan jikansa Muhannad, ɗan wajen 'yarsa Hajiya Rabi. Yaron a nan aka haife shi, Hausarsa a karkace take, ga tsawo ga ƙirji, yana tsaron baya a ƙungiyar ƙwallon unguwa. Alhaji yana so ya mayar da shi mai karo, Hajiya Rabi kuwa kullum maganarta ɗaya: "Baba, don Allah ka bar nuna masa kaset ɗin nan. Kai ɗaya gare shi."

"Awo, ɗaya ne," in ji Alhaji, "amma irin namu ne. Kan Kabawa ba shi fashewa."

Kafin in kai ku inda rigimar nan ta ƙare, bari in ba ku hujjojina, don malamai sun ce ba a yanke hukunci babu shaida.

Shaida ta farko. Wata shekara na'urar sanyaya shagon ta mutu ana tsakiyar zafi, irin zafin da kwalta ke kama takalmi. Muka ce ya kira mai gyara, ya ce a'a, nama yana cikin firiza, mutane kuma su yi haƙuri. Sai ya zura kaset ɗin hoki ya ƙure murya. Wata tsohuwa 'yar Damagaram ta shigo tana fifita da mayafi, ta ce, "Alhaji, shagonka ya zama tanda."

"Hajiya, ɗaga kanki ki kalli sama. Kin ga ƙanƙara? Ki ƙura mata ido, sanyin shina saukowa."

Ta kalla, ta kalla, daidai lokacin wani ya manna wani da bango. Ta ce, "Innalillahi! Waɗannan ba su da iyaye ne?"

"Kin ga kin manta da zafin," in ji shi, ya miƙa mata namanta.

Shaida ta biyu. Alhaji ya yi shekara da shekaru yana kallon hoki bai san ƙa'idarsa ba, kuma bai tambaya ba. Ya raba su gida biyu kamar filin dambe, masu jan kaya Kudu, masu farin kaya Arewa. Duk wanda aka kayar, ya ce an yi kisa, ya lanƙwasa yatsa. A ƙarshe shi ke faɗin wanda ya ci, ko talabijin ta yarda ko ba ta yarda ba. In mutum biyu suka yar da sanduna suka kama naushi, alƙalin wasa ya ja ɗaya ya kai shi wani ɗan ɗaki na gilashi, sai Alhaji ya miƙe yana tafi. "Kun ga mutanen da suka san darajar jarumi! An kai shi kujerar girma, an ba shi ruwa, kowa shina kallonai."

Ranar nan Muhannad ya kasa haƙuri, ya kira kakansa da Larabci kamar yadda ya saba. "Ya jaddi, wannan hukunci ne. Kurkuku ne. Kuma ba faɗa ake ƙirgawa ba, akwai wani ɗan baƙin abu da suke bugawa cikin raga."

"Wane abu?"

Yaro ya tsayar da hoton, ya ɗora yatsa a kan wani ɗigo. Alhaji ya sa tabarau, ya matso, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya cire tabarau ya ce, "Wanga dalili ne kawai suka ajiye, don kada 'yan sanda su kama su."

Shaida ta uku. Sannu a hankali tashoshin suka canza hali. Aka daina jera karo da kiɗa. In mutum ya faɗi bai tashi ba, sai a kawar da kyamara, mai sharhi ya sassauta murya, a kawo wani likita mai gilashi yana nuna hoton ƙwaƙwalwa. Alhaji bai yarda duniya ce ta canza ba, ya ce akwatin dishinsa ne ya lalace. Ya cire shi ya naɗe a tsumma, ya ja ni har wajen wani mai gyara ɗan Bangaladash. Mutumin ya jona, ya duba, ya ce, "Mafi mushkila, Baba. Kullu tamam." Wato da Larabcinsa, babu matsala, komai lafiya lau.

"Akwai mushkila! Ya bar maimaitawa. Da in an yi kisa sai ya nuna mini har in ƙoshi, yanzu sai ya kawo likita. Ni na ce mishi ba ni da lafiya?"

Mai gyara ya dube ni, na dubi rufi. A hanya na ce, "Alhaji, an ce mutanen nan suna samun ciwon kai ne in sun tsufa." Ya ce, "Kai ma kana da ciwon kai, wa ya taɓa karo da kai?"

To, yanzu ga babbar shari'ar. Ƙungiyar su Muhannad ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar unguwanni, a wani fili can wajen Kudai, bayan La'asar. Muka je da kujerunmu na roba. Ana cikin wasa aka ɗago ƙwallo sama, mutum biyu suka yi tsalle, kai ya haɗu da kai, har inda muke muka ji ƙarar. Ɗaya ya tashi yana layi, ɗaya bai tashi ba. Idon Alhaji ya riga ya yi rauni, ya miƙe ya ɗaga hula: "A maimaita!"

Na kama rigarsa. "Alhaji, namu ne."

Ban taɓa ganin tsoho ya yi gudu irin na ranar ba, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a baya.

A asibiti yaro ya farfaɗo, ya dubi kakansa ya ce, "Ya jaddi, mun ci?" Alhaji ya ce an ci. Yaro ya yi murmushi. Jim kaɗan ya sake cewa, "Ya jaddi, mun ci?" Aka ce an ci. Ya sake yin murmushin nan sabo fil, kamar yanzu ya fara ji. Haka ya yi ta yi. Ni har na fara dariya, da na waiga na ga fuskar Alhaji sai na haɗiye ta. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ce ta girgiza, za ta warke, amma babu ƙwallo sai ya ba da izini, don in aka sake bugun kan kafin ya warke, abin da zai biyo baya ba shi da daɗin faɗi.

Ga shi wasan ƙarshe ya matso. Kwana kaɗan yaro ya miƙe garau, ya ce shi fa sai ya buga. Uwar ta yi faɗa, ta yi kuka, ta yi rantsuwa, ya ce mata "tayyib, tayyib", wato "to, to", yana shirya jaka. Kocinsu, Kabtin Usama, ya ce a bar masa, ai ya san inda zai samu goyon baya.

Ranar wasa da azahar ina shagon sai ga su sun shigo, koci a gaba, Muhannad a baya yana huci, wai an nemi takalmansa na ƙwallo an rasa. Suka tarar da Alhaji zaune a kan firiza, ya tanƙwashe ƙafa, carbi a hannu. Tun safe yake nan. Duk wanda ya zo sayen nama ya ce masa yau firiza tana hutu.

Kabtin ya durƙusa ya gaishe shi, yana kiransa baffa da Larabci. "Ya ammi, kai ne ka san jarumta a unguwar nan. Ka yi wa Hajiya magana. Kuma ko ka ga takalmansa?"

"Na gani. Ina bisansu."

Muhannad ya dafe kai. "A cikin nama? Ya jaddi, haram alaik! Ba kai ka ce namiji ba ya tsoron karo ba?"

"Na ce, kuma ban janye ba. Namijin wasu nike nufi."

"Sai in aro masa wasu," in ji Kabtin.

Alhaji ya bubbuga murfin firiza da tafin hannu. "Akwai sauran wuri ciki, Kabtin. Tsawonka nawa?"

Kabtin ya tuna yana da uzuri a waje. Da ya fita, Alhaji ya kira yaron da hannu, ya rage murya, amma ni Bakatsine kunnena ba ya hutu.

"Tambayar da ka yi ta yi mini a asibiti, na san ta. Zuwana gida na ƙarshe, haka Audu ya yi mini. Shi ce wane ne, in ce Ɗanbaba ne, shi rungume ni shina murna. In mun zauna shi sake cewa wane ne. Muka ce tsufa ne. Wane tsufa? Tun bai yi furfura ba ya fara. Mutanen ga na talabijin, an nuna mini faɗuwarsu ta gaba da ta baya, ba a taɓa nuna mini su a gida ana ba su abinci a baki ba. Ka yi fushi da ni, na yarda. Ina so in na tsufa tukuf, kai ka gane ni."

Yaro ya ja kujera ya zauna ya juya mana baya, amma bai fita ba.

Alhaji sallah kaɗai ke sauke shi, ita ma sai na hau na riƙe masa wurin. Da aka kira Magariba, wasa ya tashi, ya ce in taimaka masa ya sauko, ƙafafunsa sun mutu. Muka buɗe firiza. Takalman sun daskare sun manne da kan rago, sai da ruwan zafi aka raba su. An cinye su Muhannad a wasan, kuma ya daɗe ba ya gaishe da kakansa sai da ka. Daga baya likita ya ba shi izini, ya koma fili da takalman da ke ƙamshin kitse, karnuka da kyanwoyin Kudai suna yi masa rakiya.

Kada ku zaci Alhaji ya amsa laifi. Har ya koma ga Allah bai ce Hajiya Rabi ta fi shi gaskiya ba. Abin da ya yi, ya koma kallon tseren raƙuma, irin wanda ake ɗaura musu ɗan mutum-mutumin inji a doro. Na ce, "Alhaji, ina damben?" Ya ce, "Wanga ya fi. In ya faɗi ba shi da uwa."

A ciwonsa na ƙarshe Muhannad ne ke kwana da shi, shi ke juya shi, shi ke ba shi magani a kan lokaci bai taɓa mantawa ba. Ranar da aka kai gawarsa Masallacin Harami don yi masa sallah, shi ne a gaban makara, kafaɗarsa ba ta sauka ba har maƙabarta.

Ya Allah, bawanka Ɗanbaba ya zo maka. Ya sa mu dariya, ya tsare abin da ka ba shi amana lokacin da ya gane. Ka yafe masa, ka yalwata kabarinsa, ka haɗa shi da yayansa Audu a inda za su gane juna. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani. Amin.