Matauniyar da ta rage wa Baffa Ashafa

Daga bakin Inna na fara jin sunansa, kuma cikin tsawa. Da mun fara guje-guje da hantsi a gidanmu na Hotoro, sai ta leƙo daga madafa ta ce, "Ku yi a hankali, Ashafa na barci." Na daɗe ina zaton Ashafa wani abin tsoro ne da ke kwance a ɗakin soro. Sai da na yi wayo na gane ɗan'uwan babanmu ne, ya zo daga ƙauyenmu na wajen Ringim yana aiki a wani kamfanin alewa a Bompai. Duk makon da aikin dare ya faɗo kansa, rana ce darensa.

Baffa Ashafa siriri ne, mai sanyin magana. Kayansa kullum ƙamshin minti suke, ko an wanke. Aikinsa dafa sukari, kuma a sashensu ba mai yarda da tukunya sai ya ɗanɗana. Ya ɗanɗana da safe, ya ɗanɗana da yamma, ga gutsattsarin alewa a aljihu da yake kawo mana, rabi ya ƙare a bakinsa tun a kan keke. Goro kuwa shi ke riƙe masa ido a bakin wuta.

Haƙoransa na ciki suka fara rami. A lokacin akwai wani Garba wanzami da ke shimfiɗa tabarma a ƙofar kamfani ran Juma'a, da awartakinsa da ruwan gishiri a kwalba. Ma'aikata sun fi son Garba, don asibiti yana cin yini, wanda kuma ya yi fashi sai ya tarar an sa wani a gurbinsa. Wajen Garba kafin a busa jiniyar komawa aiki an gama. A nan Baffa ya bar matauna da dama. Akwai ranar da Garba ya kama lafiyayyen haƙorin da ke kusa da mai ciwon. Baffa ya ji ba shi ba ne, amma abokan aiki sun kewaye shi suna kallo, shi kuma ba ya so a ce ya yi raki. Ya daure aka cire. Juma'ar da ta biyo aka cire na gaskiyan.

Ina aji huɗu a sakandare lokacin da ta ƙarshen ta fara ciwo. Matauniya ɗaya ce ta rage masa a ƙasa ta dama wadda ke haɗuwa da ta sama. In ta tafi, ba goro, ba nama, ba aya, sai abin da harshe zai iya. Ya yi ta cusa kanumfari a ramin har kuncinsa ya tasa. Abokinsa Idi, wanda suke tukunya ɗaya, ya zo duba shi.

"Ashafa, ka je Garba ya ƙarasa aikinsa mana. Mutum ya share gona ya bar kututture ɗaya?"

"Kai dai ka ci naka tsiren," in ji Baffa, hannu a kunci. "Wannan sai na ji bayani tukuna."

Ni aka haɗa da shi zuwa asibitin haƙori na gwamnati, saboda likitar 'yar kudu ce, Hausarta ta gaisuwa ce kawai. Ta duba, ta sa aka ɗauki hoton haƙorin, ta ce ramin ya yi zurfi, abin da ya fi sauri shi ne a cire. Na faɗa masa. Na zaci zai gyaɗa kai yadda manya ke yi a gaban likita. Sai ya ce, "Talatu, tambaye ta, ya mutu ne ko yana da sauran rai?"

Kunya ta kama ni, amma na tambaya. Likitar ta ajiye abin da ke hannunta, ta jawo kujera. Ta ɗaga hoton wajen taga ta nuna masa saiwar, ta ce lafiya take. Za a iya share cikin haƙorin a cike shi, amma sai ya yi ta dawowa, kuma ba ta yi alkawarin zai zauna har abada ba.

"In an cike ya ƙi fa?"

"Ta ce sai a cire, Baffa."

"In an cire na yi nadama fa?"

Wannan ban fassara ba, don ta gane daga fuskarsa, ta yi dariya. Ya ci gaba da tambaya. Allurar da za a yi masa za ta hana shi aiki ran nan? Me zai ci, me zai bari? Da ta ji irin aikinsa, ta ce ya riƙa kurkure baki bayan kowane ɗanɗano, ya koma ga asuwaki safe da yamma, alewar aljihu kuma ya bar wa yara, su ma kaɗan. Ya kalli hoton, sannan ya ce a cike.

Idi, duk da tsiyarsa, shi ya riƙa musayar aiki da shi duk ranar asibiti, har aka gama ba wanda ya taɓa gurbinsa. Matauniyar ta zauna. Da ita ya ci goron aurena, da ita ya koma Ringim shekarar da kamfanoni suka yi ta rage ma'aikata. Ɗakin soron yanzu buhunan masara ne a ciki, ƙamshin mintin ma ya daɗe da fita.

A iya sanina da shi, abu ɗaya ya taɓa roƙona. Ranar da aka gama cikon ne, muna tsaye muna jiran bas, leɓensa bai gama dawowa daga allura ba, maganar tana fita a karkace.

"Talatu, ran Juma'a in kin taso makaranta ki biyo ta ƙofar kamfani. Ni in na faɗa, cewa za su yi tsoron awartaki ne. Ki faɗa wa su Idi abin da matar nan ta ce, yadda ta faɗa, da Hausa. Amma ki zo da wuri, kafin Garba ya shimfiɗa tabarmarsa."