Man da Modu Bai Sata Ba

Sylvester bakanike ba mai yawan magana ba ne, kuma ba ya son masu yawan magana. A Sabon Gari aka haife shi, a nan ya koyi gyaran mota, a nan furfura ta same shi. Garejinsa rumfar kwano ce da rami ɗaya da benci. Shekara talatin da 'yan kai yana kwance a ƙarƙashin motocin mutane, har bayansa ya ƙage, baƙin mai ya zauna a tafin hannunsa ya ƙi jin sabulu. Hausa a bakinsa kamar ta ɗan Fagge, amma sai ya wuni bai ce uffan ba. Mai mota ya fara dogon bayani, sai ya miƙa hannu a ba shi makulli.

Wata Talata da hantsi Hajiya Yakaka ta iso garejin ranta a ɓace. 'Yar Barno ce da ta daɗe a Fagge, tana da shagon kayan masarufi a Kasuwar Singa. Motarta ƙarama ce, tsohuwa, irin mai nozul masu fesa wa inji mai, wadda mijinta ya rasu ya bar mata. Direban ma shi ya bar mata, Malam Modu, dattijon da ya shekara ashirin da biyu yana tuƙa mutanen gidan.

Ta ce man da dā yake kai su mako, yanzu kwana huɗu ya ƙare, alhali daga gida sai kasuwa. Maƙwabtan shagonta sun ce mata halin direbobi ne, da tiyo suke zuƙewa. Ita kuma ta faɗa wa Modu haka a ƙofar shago, a gaban 'yan dako da masu ciniki. Ta ba da wa'adi zuwa Juma'a: idan aka samu motar lafiya lau, Modu ya ajiye makulli.

Modu, da ya tuƙo ta, ya fara rantsuwa.

“Ajiye rantsuwarka, Malam Modu,” in ji Sylvester. “Ni mota aka kawo mini.”

Bai gaskata Modu ba, bai ƙaryata shi ba. Ya sha ganin direbobin da suka yi kuka da hawaye, tiyon yana ƙarƙashin kujera. Ya fara da abin da ido ke gani. Iskar tayu daidai. Ya ɗaga motar ya juya ƙafafun, birki bai riƙe ba. Ya bi bututun mai daga tanki zuwa inji yana shinshinawa, babu yoyo. Matatar iska ba ta toshe ba. Da ya kwance fulogai sai ya same su baƙi ƙirin, ya sa yatsa a bakin salansa ya fito da shi kamar ya taɓa gindin tukunya. Injin yana samun mai fiye da abin da zai iya ƙonawa. Ya wanke nozul ya mayar, baƙin hayaƙin salansa bai ragu ba.

Washegari ya cika tankin da hannunsa, ya shiga ya tuƙa da kansa, ya yi ta bin hanyar da suke bi. A hannunsa ma sha take yi. A cunkoson Bata, yana tsaye a bayan wata a-daidaita-sahu, idonsa ya faɗa kan allurar zafin inji. Tana kwance a ƙasa, bayan tafiyar kusan awa guda. Fanka kuwa tun da ya murɗa makulli take kuka, ba ta huta ba.

Ya koma gareji ya buɗe bonet. Wayar da aka haɗa wa fankar kai-tsaye, naɗin hannunsa ne a jikinta. Ya kwance murfin da ke bakin bututun ruwa, ya tarar da ramin wayam.

A nan tamostat ke zama, ɗan ƙarfen da ke tare ruwan lagireto har sai inji ya ɗauki zafin da ya dace da shi. Shi ya cire shi, bara da bazara, ranar da Modu ya kawo motar tana zafi. Ya wanke lagireton, wanda shi ne mai laifin, sannan ya zare tamostat ya jefar, ya haɗa fanka. Haka ubangidansa ya koya masa: wannan na ƙasar sanyi ne, ba na Kano ba. Haka kusan kowane gareji ke yi wa mota 'yar Kwatano. A tsofaffin injuna abin yakan wuce ba a lura ba. Amma wannan tana da ƙwaƙwalwa, idan ta ji inji da sanyi sai ta yi ta ƙara masa mai don ya ɗumama, shi kuwa an hana shi ɗumama.

Sylvester ya zauna a benci. Zai iya sa sabo ya yi shiru, ya ce nozul ne suka yi datti. Amma ya san abin da za a ce a Singa idan shan man ya ragu babu gamsasshen dalili: Modu ya ga an sa masa ido ne ya daina. Ya tashi ya shiga layin masu kayan gyara. Sai a shago na biyar ya samu, mai shagon yana dariya yana tambayarsa ko motar London za ta koma. Ya biya ya koma gareji. Ya ɗaura, ya mayar da fanka yadda take, ya sa sababbin fulogai. Allura ta hau tsakiya ta tsaya. Washegari ya sake cika tanki ya bi hanyar jiya, shan ya sauka.

Ranar Juma'a da safe bai jira a zo masa ba. Ya tuƙa motar har ƙofar shagon Hajiya, inda aka yi maganar farko. Modu yana gefe a kan buhun shinkafa, kansa a ƙasa. Sylvester ya fito da kayan aikinsa a jiki, ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji.

“Hajiya, Malam Modu bai taɓa miki mai ba. Ni na ɓata motar bara. Na cire abin da bai kamata in cire ba, shi ya sa take sha. Na mayar.”

“Kai, Oga Sylvester? Da bakinka?”

“Da hannuna na yi.”

“Wata goma ina zargin bawan Allah, kana zaune a rumfarka.”

“Ban sani ba sai shekaranjiya. Amma ni ne.”

Wani maƙwabcin shago ya fara cewa ai shi ma dama ya yi shakka. Hajiya ta ce masa ya koma shagonsa. Ta karɓi makullin, ta taka da ƙafarta zuwa wurin Modu, ta miƙa masa, ta ce, “Baba Modu, na zalunce ka a gaban mutane. Ka yafe mini a gabansu.”

Modu bai karɓa nan take ba. Ya dubi 'yan dakon ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, ya sa hannu biyu ya amsa.

Hajiya ba ta ƙara kai mota garejin Sylvester ba, ta koma wa wani bakanike a Rijiyar Lemo. Modu yana nan yana tuƙa ta.