Hoton Cigiyar Kaleb

Oga Nwachukwu mai hoto ne a Kafanchan. Shagonsa na kusa da tashar jirgin ƙasa, inda mahaifinsa ya yi aiki har ya tsufa. A garin aka haife shi, Hausarsa ma ta fi tawa. Shekara talatin yana ɗaukar hotunan baftisma da biki da jana'iza.

Na je wurinsa kwana huɗu bayan ɓatan ƙanena Kaleb. Ya ɗauko citta a babur daga Fadan Kagoma zai kai kasuwa, aka tare hanya. An tsinci babur ɗin cikin ciyawa, shi kuwa babu labari. Da yake ni ne na gama jami'a, sai aka ɗora mini buga takardar cigiya. Har yau in na ji ƙarar babur a bayana sai na waiga.

Kaleb ba ya son hoto. Mai kyau ɗaya muke da shi, na ranar da ya shiga mawaƙan coci, shi ma yoyon ɗaki ya taɓa shi, fuskar ta yi kore. Oga ya sa shi a kwamfuta, ya ce kalar ba za ta gyaru ba, sai dai a cire ta.

Na ce, "To mayar da shi baƙi da fari, Oga. Sauri nake."

Ya mayar. Tabon da ke girar Kaleb ya fito sarai. Na ce a buga hamsin. Bai motsa ba.

Ya ce, "Yarona, wa zai nuna wa mamarka wannan? A garin nan, in ka manna baƙi da fari a bango, ba mai karanta rubutun ƙasa. Allah ya ji ƙansa za su ce, su wuce. Kafin yamma matan zumuntar coci sun cika gidanku da gaisuwar mutuwa."

Ya ce ya taɓa yin wannan kuskure da hoton wani malami da ya yi ritaya. Masu ta'aziyya suka iske mutumin a tsakar gida yana cin tuwo. Ban iya dariya ba.

Sai ya juya hoton zuwa ruwan ƙasa, kalar busasshiyar citta. Tabon ya dushe.

Na ce, "Oga, da tabon nan za a gane shi! Kuma ya koma kamar hoton kakanmu."

Ya ce, "Gara a ce tsoho da a ce gawa. Zauna, digirinka bai kai nan ba."

Ya daɗe yana ƙara duhu kaɗan-kaɗan a wajen girar, yana matsowa yana ja da baya, har tabon ya dawo. Sannan ya buga.

Na fara mannawa a tashar mota. Wata mai sayar da gyaɗa ta tsaya ta ƙura wa hoton ido. Na tsaya ina jiran abin da za ta ce.

Ta ce, "Ɗana, yaushe yaron nan ya ɓata?" Ta ciro waya ta ɗauki lambar.

A gida Mama ta karɓi ɗaya, ta shafa girar da yatsa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Gobe ka kai sauran can garin Samaru Kataf."