Kwano na Huɗu

A Palladan kowa ya san bakina. Matan zumunta na cocinmu sun ce da za a haɗa shi da injin niƙa, da unguwar ta huta da jiran wuta. Amma shekarar da Mama ta rasu, bakin nan ya gamu da wadda ta fi ƙarfinsa, wato Autarmu, 'yar shekara shida. Ba ta yi kuka ranar jana'iza ba. Daga ranar kuma ta daina magana, ta daina wasa. Na kwaikwayi tafiyar Fasto, na yi muryar kwandasta, na kifa tukunya a ka na yi rawa har akuyar maƙwabta ta bar cin dusa ta tsaya kallo. Auta ta dube ni kamar tana duban bango.

Goggo, yayar Baba, ta zo daga Zonkwa ta ce yarinyar da ba uwa sai hannun mace, a ba ta riƙo. Baba malamin firamare ne, yara suna rawar jiki in ya yi tari, amma a gaban yayarsa shi ma ɗan aji ɗaya ne. Ya roƙa a bari zuwa Kirsimeti. In Auta ba ta warware ba, a tafi da ita.

A lokacin ne wata Anti ta cocinmu ta yi wa Baba magana. Ta yi karatu a jami'a a Samaru kan taimakon yara masu damuwa, ta kama shago a Sabon Gari, bayan PZ, tsakanin mai walda da mai faci. Na zaci zan ga allura da farin gado. Abin da na tarar shi ne tabarma, da babban faranti cike da yashi, da gwangwanayen madara, da murafan robobi, da 'yan tsana na tsumma, da motocin kara.

"Madam," in ji mai walda, "wannan asibiti ne ko bola?"

"Kawo ɗanka ka gani," ta ce.

Iyaye sukan leƙo, su tambayi magani, su ji wasa ne, su ja 'ya'yansu su wuce. Mu ne kusan na farko da suka zauna.

Ni ke kai Auta duk Asabar a motar haya. Ranar farko na ɗauki 'yar tsana na fara sa ta gaisuwa da muryar Goggo. Anti ta yafito ni waje.

"Yaya babba, a ɗakin nan ba a sa yaro dariya."

"To me ake yi, Anti?"

"Ana kallo."

"Ni ko a cikin barci ban taɓa yin shiru ba. Ki tambayi Baba."

"Yau za ki fara."

Ta ajiye ni a kan benci bakin ƙofa, ina leƙe ta gefen labule. Makonni suka wuce Auta ba ta yin komai sai zuba yashi ta tsakanin yatsu. Anti tana zaune a ƙasa, ba ta tambaya, ba ta gyara mata. Abin da ta gani kawai take faɗa: "Kin cika gwangwani. Kin zubar." Na ce a raina, in wannan ne aka yi shekaru ana koyo a Samaru, to ni ma likita ce.

Sai wata Asabar Auta ta jera duwatsu uku, ta ɗora gwangwani, ta ɗauki tsinke ta fara tuƙa tuwon yashi. Ta goge goshi da bayan hannu, daidai yadda Mama take yi. Ta jera murafai ta fara rabo: babba na Baba, nawa, nata. Sai ta kwashe na huɗu, ta gyara malmalarsa sosai, ta rufe da ganye, ta zauna tana kallon ƙofa.

A gida kwano uku muke fitarwa. Kwanon Mama mai furanni ya tafi ranar da dangi suka raba kayanta, kuma Goggo ta hana a ambaci Mama a gaban Auta, wai kada a tayar mata da hankali. Duk mun bi.

Haka ta riƙa yi kowace Asabar. Ta tuƙa, ta raba, ta rufe na huɗu, ta kalli ƙofa har lokaci ya ƙare. Ni ce a bakin ƙofar, amma ba ni take nema ba.

Ana saura kwanaki Kirsimeti, ta ɗaga ganyen ta taɓa yashin. Na ji wata murya a dushe, wadda na kusa mantawa.

"Ya huce."

"Tuwon ya huce," in ji Anti.

"Ba ta zo ba."

"Ba ta zo ba."

Auta ta ɗago kai. "Ba za ta zo ba ne?"

"Ba za ta zo ba, Auta. Mama ta rasu."

Kukan da ta fasa sai da mai walda ya kashe injinsa. Ni ma na kifa kai a gwiwa, na jiƙa siket ɗina kamar an yi ruwa a kaina ni kaɗai.

A gida kukan bai tsaya ba. Tana neman zanen Mama, tana ƙin abinci, ta koma fitsarin kwance. Anti ta riga ta gaya wa Baba haka za a yi, ya daure. Amma a cikin haka Goggo ta iso.

"Da shiru kuka kai ta, kuka dawo mini da ita da kuka. Wannan ne maganin?"

Anti ta zo har gida, ta durƙusa ta gaishe ta. "Mama, kukan nan shi muke jira tun farko. A ba ni ita zuwa Ista."

"'Yata, ban raina karatunki ba," in ji Goggo, ita ma idonta ya yi ja. "Amma wasan ƙasa akwai shi a Zonkwa. Yarinyar nan ƙirji take nema ta kwanta, ba yashi ba."

"Goggo, ni zan riƙe ta," na ce. "Zan yi mata wanka, zan yi girki."

"Ke da kike ƙona ruwan zafi?"

Na juya wajen Baba. Yana ta murza hularsa a hannu, bai ɗago ba.

Bayan sabuwar shekara muka raka su tasha. An zaunar da Auta a cinyar Goggo, kusa da taga. Direba ya tayar da mota, sai Auta ta miƙo hannu ta riƙe mini yatsa.

"Yaya, ki gaya wa Anti ban gama ba."

Asabar ta zagayo na hau mota ni kaɗai zuwa Sabon Gari. Na tarar da wani yaro a cikin shagon yana binne motocin kara a yashi, don haka na jira a benci har uwarsa ta zo ta ɗauke shi. Anti ta fito, na ba ta saƙon yadda aka ba ni, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Ta ce in matsa mata. Muka zauna tare muna kallon titi, har aka kawo mata wata yarinya, sai Anti ta goge ido da bakin ɗankwali ta tashi ta shiga.