Audugar turare da kunnen hagu

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon turare a unguwar Al Sabkha ta Dubai, na faɗa wata sha'awa da ko a mafarki ban taɓa kawo wa kaina ba, wato harbi. Ba harbin barewa ko zabo ba, harbin faifai. Akwai filaye a bayan gari inda inji ke cilla wani ɗan faifan yumɓu sama, kai kuma ka bi shi da bindiga ka tarwatsa shi kafin ya faɗo. Wani Balarabe da nake sarin itacen turare a hannunsa ne ya fara kai ni. Ranar farko na yi sa'a na fasa 'yan kaɗan, ya dafa kafaɗata ya ce mashallah, shi ke nan kaina ya kumbura. Na dawo ina ba mutanen layinmu labarin cewa ai kakana maharbi ne. Gaskiyar magana kakan nawa dukanci ne sana'arsa, fata yake ɗinkawa.

A filin ba a barin mutum ya tsaya ba tare da ya kare kunnensa ba. Suna ba da marfin kunne, irin mai kwano biyu da ake ɗorawa a ka. Ni kuwa abin bai yi mini ba. Ga zafin Dubai, gumi na taruwa a ciki. Ga hulata da ba na rabuwa da ita, ga hannun tabarau, duk suna ɗage shi. In na kwantar da kunci a gindin bindiga sai ya ture shi gefe. Sai na yi dabarar 'yan turare. Kowa ya san yadda muke ɗiga turare a auduga mu soka a lungun kunne don ƙamshi. Na ƙara wa audugar yawa na cusa ta ciki, marfin kuma na bar shi sakwa-sakwa don kar ma'aikatan su yi magana. A ganina na jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ga kariya ga ƙamshi.

Duk ranar da na dawo sai in ji wani siririn fito a kunnena, muryoyin mutane kuma kamar daga cikin tulu. Kafin gari ya waye ya tafi, don haka ban ɗauke shi a bakin komai ba. Sai wani mako ya ƙi tafiya.

A nan ne abin ya taɓa inda yake mini ciwo. Mahaifiyata tana Kano, kuma tun da aka yi mata aiki a maƙogwaro muryarta ta koma kamar raɗa. Ba ta rubutu a waya, ba ta karantawa. Abin da ya haɗa ni da ita duk tsawon zamana a nan shi ne wannan 'yar muryar, kullum bayan la'asar. Takan ba ni labarin gida, wa ya haihu, wa ya yi tafiya, akuyarta ta shiga gidan wa, sannan ta rufe da addu'a doguwa. A makon nan sai na koma cewa «na'am?» da «me kika ce, Umma?» har ta gaji ta ce ko layin ne ba kyau. Na ce e, layin ne. In ta zo addu'a sai in yi ta zuba amin ba tare da na san abin da take roƙa mini ba.

Wani abokina yana zaune a shagon wata la'asar ina wannan fama. Mutumin Damagaram ne, ya girme ni, yana harkar tura kaya daga wani sito a Al Warsan. Tun da muka haɗu ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba, kun san tsakanin Bakano da Badamagare. Yana da wata ɗabi'a da na daɗe ina yi masa dariya a kai: in muna tafiya dole sai ya koma hagu da ni, in ana hira kuma ya karkato kai gefe kamar zakara na kallon shaho. Nakan ce masa wannan duk ƙasaitar tsohon soja ce, don na san ya yi aikin damara kafin ya shiga kasuwanci. Yakan yi murmushi ya ƙyale ni.

Ranar bai yi murmushi ba. Ya zuba mini ido ina sauya wayar daga wannan kunne zuwa wancan, ina toshe ɗayan da yatsa. Da na ajiye sai ya ce, «Bakano, na hagu ne ko?»

Na ce, «Na hagu me?»

«Kunnen da ke yi maka fito. Kai da ke harbi da dama, na dama yana ɓuya a kafaɗa, na hagu ne ke shan ƙarar. Me kake sawa in za ka harba?»

Na ciro audugata daga aljihu na nuna masa, har da ɗan alfahari. Ya karɓa, ya sansana, ya ce, «Turaren mai kyau ne, wallahi. In ka kurumce aƙalla za ka riƙa ƙamshi.» Na fashe da dariya, shi bai taya ni ba. Ya jawo kujera ya zauna, ya ba ni kunnensa na dama kamar yadda ya saba, ya ce, «Mon frère, ɗan'uwana, kana zaton don girman kai nake bin hagunka? Kunnena na hagu ya mutu tun ina saurayi. Na daman ma rabi ne. A filin horo mu ma auduga muke sawa, wani ma kwanson harsashi yake sokawa, wanda ya nemi abin kirki a ce masa rago. Muryar maza a kasuwa ina kamawa. Amma muryar mata da ta yara, sai dai in ga baki na motsi. 'Yata tun tana ƙarama take zuwa da labari, in ce ta sake, in ce ta sake, har ta daina zuwa. Yanzu uwarta take gaya wa, uwar ta ɗaga murya ta gaya mini.»

Shekara da shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya da mutumin nan, bai taɓa buɗe mini wannan ba. Na san irin zurfin cikinsa, na san abin da ya ci masa kafin ya faɗa. Ya tone asirin da ya fi ɓoyewa ne kawai don ya ga ina bin hanyar da ya bi. Har yau in na tuna sai in ji girmansa ya ƙaru a idona.

Washegari ya bar sitonsa, ga kwantena ana lodi, ya zo ya tsaya a ƙofar shagona ya ce, «Yalla, rufe.» Na fara kawo uzuri, ya ce khalas, magana ta ƙare, in ban tashi ba zai kira Umma da kansa ya gaya mata ba layi ba ne. Na tashi.

Ya kai ni wani ɗan asibitin ji a wajen Abu Hail, inda shi ma yake zuwa. Likitar ta saka ni a wani ɗaki mai shiru, ta sa mini sautuka ina danna maɓalli in na ji. Ta ce na hagun ya ɗan taɓu, akwai fatan mafi yawan jin ya dawo in na huta da ƙara, amma abin da ya tafi bayan haka ba ya dawowa. Da na nuna mata audugar, ta kalli abokina, ya ɗaga kafaɗa kamar mai cewa ba ɗan garinmu ba ne. Ta ce auduga iska na ratsa ta, kuma duk inda iska ta wuce ƙara ma za ta wuce.

Sai ta baje mini kayan a tebur. Akwai matoshin soso mai arha, wanda ta ce yana aiki sosai in an iya sa shi: a murza shi ya zama siriri, a ja kunnen sama da ɗaya hannun, a tura shi ciki, a riƙe har ya kumbura. Na gwada, ramin kunnena ƙarami ne kuma a karkace, sai ya riƙa turo kansa waje. Akwai marfi mai batir da ke barin magana ta shigo ya datse ƙarar harbi, ya burge ni ƙwarai, amma hula da tabarau na nan suna jiran sa. Abokina ya zaro wani ɗan akwati daga aljihu ya buɗe. Wasu 'yan robobi biyu ne masu murɗaɗɗen fasali, an zuba su daidai da kunnensa. Ya daina harbi tun tuni, amma yana sa su a sito saboda ƙarar injuna. Ya ce, «Ɗan abin da ya rage mini nake gadi. Voilà, irin wannan za a yi maka.»

Na yi ƙorafin tsada, kamar yadda ya wajaba ga kowane Bakano. Ya ce in tafi kasuwar Deira in tambayo nawa ake sayar da sabon kunne, in ya fi arha mu saya.

Yadda ake ɗaukar awon ma abin dariya ne. Ta leƙa kunnen da 'yar fitila, ta tura wani ɗan soso mai zare can ciki, sannan ta matso wani abu mai sanyi kamar kullu ya cika ramin. Duniya ta yi tsit. Aka ba ni wani abu na ciza don bakin ya tsaya a buɗe, ina zaune yawu na zuba, abokina na ɗaukar hotona yana cewa zai aika wa mutanen Damagaram su ga jikan maharbi. Da ya daskare ta ja zaren, abu ya fito kamar guntun citta. Bayan 'yan kwanaki na karɓi nawa, na dama mai jan ɗigo, na hagu mai shuɗi. Suna zama daram, ba sa damuwa da hula ko gindin bindiga. Likitar ta ce in a rufaffen ɗakin harbi ne, in ɗora marfi a kansu, don bango na maido da ƙara.

Na yi makonni ban je fili ba, abokina ne ya kafa wannan dokar kuma ya tsare ta. A hankali fiton ya ja baya. Wata la'asar ina magana da mahaifiyata sai na lura ban ce «na'am?» ko sau ɗaya ba. Na ji addu'ar daga farko har ƙarshe, har da inda take roƙa mini abokan zama na gari. Sai da na juya baya don kar masu sayen turare su ga idona.

Na gaya mata gaskiya a ranar, cewa ba layi ba ne, na kuma gaya mata wanda ya ja ni asibiti. Ta ce in ba shi wayar. Yana zaune a wurin, ya karɓa da hannu biyu ya kai kunnen dama, ya ce, «Hajiya, ina wuni.» Na ga ya runtse ido yana ƙoƙari, ya danna wayar a kunne, ya karkata kai. Can ya kalle ni ya girgiza kai a hankali. Sai na karɓa na buɗe sautin, na tsaya kusa da kunnensa mai ji. Tana faɗa ina maimaita masa da ƙarfi, Allah ya raya masa zuri'a, Allah ya sa 'yarsa ta ji ƙansa, Allah ya tsare masa abin da ya rage, shi kuma yana amin yana shafa fuska. Masu shagunan kusa suka leƙo suna zaton faɗa ake yi.

Har yanzu ina zuwa harbi jefi-jefi, kuma ba na taɓa bindiga sai robobina suna cikin kunne. In wuri ya yi shiru sosai nakan ji ɗan ragowar fiton nan a hagu, ba ya damuna, tuni ne. Duk wanda ya tambaye ni me zai sa, nakan ce abin da zai rufe ramin kunnensa ruf kuma zai iya jure shi har ya gama, ba abin da ya fi kyan gani ba. Audugar turare na mayar da ita aikinta na asali.

Mahaifiyata ta ƙara shekaru tana kira bayan la'asar kafin Allah ya karɓi abarsa, kuma a duk shekarun nan ba kalmarta ɗaya da ta wuce ni. Abokina ne ya ba ni wannan, shi da bai taɓa jin muryarta ba. In muna tafiya yanzu, ni nake fara komawa damansa.