Ranar da Ƙafa Huɗu Ta Kai Mu Kududdufi

Ni na sa Yaya ya sayi motar. Gara in fara faɗar wannan, don har yau in an tayar da zancen a gidanmu ni ake kallo.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ne. Yaya yana aiki a wani ofishin gwamnati can wajen Ƙofar Nassarawa, mu kuma muna Zaitawa. Da ya ɗan samu sarari sai ya ce ya gaji da hawa acaɓa da manyan kaya, mota zai saya. To shi bai san komai a kan mota ba, tuƙin ma sama-sama ya iya. Ni kuwa tun aji uku na sakandare na ajiye karatu. Na yi zaman gareji, na yi kwandasta, na sai da kaset, babu inda na daɗe. Amma tuƙi kam na iya, ga baki. Shi ya sa ya tafi da ni wajen dillalan motocin Kwatano.

A kan guda biyu muka tsaya. Wata ƙarama mai jan gaba kawai, sai wata doguwa ruwan toka mai ƙofa a baya. Dillalin ya daki bayanta ya ce, "Alhaji, wannan fowil ce. Duk ƙafafunta huɗu ja suke, kuma ba sai ka sa mata wata giya ba, da kanta take yi. Yashi, taɓo, duk ɗaya ne a wajenta."

Yaya ya ce, "Daga Zaitawa zuwa ofis ina yashin yake? Kwalta ce fa."

Na ce, "Haba Yaya, damina fa? Ka manta yadda lungunmu yake in an yi ruwa?"

Na dinga zuba har ya gaji ya ce a kawo mukulli. Da muka iso gida Umma ta dogara sandarta ta leƙo zaure, ta kalli motar tun daga gaba har baya, ta ce, "Wannan ta zuwa ofis ce ko ta ɗaukar gawa?" Muka yi ta dariya.

Ni na zama direba. Kullum in kai Yaya da safe, in ɗauko shi bayan la'asar. Wata uku muna haka, wallahi babu abin da motar nan ta yi wanda ƙaramar ba za ta yi ba. Sai shan mai, mu kwashe rabin yini a layin gidan mai. Taya ɗaya ta fashe, mai faci ya ce irin wannan ba a canza mata ɗaya, sai duka huɗun tare, in ba haka ba cikinta ya lalace. Juyawa a lungu kuwa sai na yi gaba na yi baya sau uku, yara suna mini tafi. Ruwan da na yi ta tsorata Yaya da shi ma da ya zo, tasi-tasi tsofaffi suna ta wucewa abinsu. Kullum in zai sauka a bakin ofis sai ya ce, "Auta, yau ma dai ba mu gamu da yashin ba." Ni kuma abin yana cina. Jira nake ranar da zan nuna masa.

Ranar ta zo a tsakiyar damina. Mijin ƙanwar Umma ya rasu a Gwammaja, ran nan za a yi addu'ar uku. Yaya ya wuce tun asuba, ya ce in taho da Umma kafin a shafa fatiha. Umma tana da jiki, ga ciwon gwiwa, daga ɗakinta zuwa zaure sai ta huta a hanya. Da kyar na sa ta a kujerar baya, na miƙa mata sandarta da carbi.

Kwana biyu ana ruwa, garin duk ya jiƙe. Muna fita babban titi muka tarar hanya ta toshe. Magoya bayan wani sabon ɗan siyasa ne za su raka shi ban san ina ba, bas-bas cike da samari, wasu zaune a kan taga da gorori, ana kiɗa ana ihu. Lokacin abin sabo ne, ba mu saba ba. Wani ya zo ya dinga dukan gaban motarmu da tafin hannu wai sai na ɗaga masa hannu. Umma ta ce, "Fitar da ni daga cikin mahaukatan nan." Na karya kan mota na faɗa wani lungu.

Lungun ya kai mu bakin wani kududdufi. Wanda bai san cikin gari ba sai in gaya masa: irin waɗannan kududdufai da shara ake cike su. Shekara da shekaru 'yan unguwa suna zuba toka da leda da ɓawon rake da tsumma da kashin awaki, har saman ya daddale ya zama kamar fili, wata rana a yanka a yi gini. Wannan an ci kusan rabinsa. Ga 'yar hanya ta ratsa ta kan sharar zuwa wancan lungun, ina ganin ɗan acaɓa ya bi ta ya haye. In na bi nan, minti biyar muna Gwammaja.

Wani dattijo mai sai da itace yana zaune a bakin wajen. Ya miƙe yana ɗaga hannu biyu. "Kai yaro! Ba hanyar mota ba ce!"

Na ji shi sarai. Na sauke gilas na ce, "Baba, fowil ce!" Na taka.

A bakin shiga akwai wani ɗan kwari mai taɓo. Motar ta faɗa, ta yi wutsil-wutsil, sai na ji ta kama ta haye. Wallahi daɗi na ji har cikin raina, na ce ina ma Yaya yana nan. Muka yi gaba kamar taku ashirin. Sai na ji ƙasar tana motsi a ƙarƙashinmu, kamar mutum yana tafiya a kan katifa. Kafin in yi wani tunani gaban motar ya dulmiya. Na ga baƙin ruwa yana ɓulɓulowa ta tsakanin ledoji, wani wari ya taso.

Na sa ribas na danna totur iya ƙarfina. Nan na ƙarasa mu. Ƙafafun nan huɗu da nake taƙama da su, duk huɗun suka hau tono lokaci ɗaya. Motar ta zauna daɓas, ta karkata wajen da Umma take.

Dattijon nan yana ta ihu, "Kashe ta! Kashe ta, don ubanka!"

Na kashe. Sai shiru, ban da wani ɗan sauti ɓul, ɓul, a ƙarƙashi.

Umma ta ce, "Auta, mene ne nake ji a ƙafata?"

Na waiga. Ruwa ne ya shigo, har ya shafe silifas ɗinta. Na tura ƙofata, ta ƙi, shara ta danne ta. Na miƙa hannu na gwada tata, haka. Kuma duk motsin da na yi sai motar ta ƙara yin ƙasa kaɗan. Tun muna yara ake ce mana kududdufan nan wasu sun fi tsayin soro zurfi, don daga cikinsu aka haƙi ƙasar gina unguwa. Ban taɓa damuwa da zancen ba sai ran nan.

Allah ya sa gilas ɗina a sauke yake. Na zura jiki na fita ta taga. Ina dira ƙafata ta huda sharar ta shige har cinya, kuma ban taɓo komai a ƙasa ba. Ruwa ne kawai, mai sanyi. Na kwanta rub da ciki na zare ƙafar, takalmin ya tafi. Da jan ciki na zagaya bayan motar na ɗaga ƙofar baya.

Umma ta juyo ta kalle ni. Ba ta kuka. Ta ce, "Kai ka tafi tunda ka fita."

Na ce, "Umma ki daina faɗar haka."

"To me zan faɗa? Tashi zan yi in yi tsalle?"

Mutane sun taru a bakin kududdufin, samari suna neman rugowa. Dattijon ya ɗauki faskare ya tsaya a gabansu ya ce duk wanda ya taka sai ya fasa masa kai, nauyi za su ƙara. Ya sa aka kwaso tsofaffin kwanon rufi da katakai daga wani gini, wani ma ƙyauren gidansa ya ciro. Wani siririn magini ya dinga shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya yana rarrafe a kai har ya iso inda nake. Muka kwantar da kujerar baya. Na kama Umma ta hammata, shi ya kama hannu, muka jawo ta zuwa bakin ƙofar bayan. Ta yi ƙara saboda gwiwar, motar kuma ta yi wani irin nishi ta ƙara nutsewa. Yanzu ruwan ya hau kujerar gaba.

To sai a nan muka tsaya cak. Umma ba za ta iya rarrafe ba. Na ce zan goya ta. Maginin ya ce, "Ku biyu a waje ɗaya? Kwanon zai lotse da ku." Na rasa abin yi.

Sai na hango ladanin masallacin unguwar da wasu mutum biyu sun taho da makara. Ta ƙarfe ce, doguwa. Suka ɗaura mata igiyar rijiya, suka turo ta a kan kwanukan har gabanmu.

Umma ta kalle ta. Ta ce, "A'a."

Na ce, "Umma don Allah."

"Ni da raina? Gidan makoki zan je, ba a ce ni za a yi wa ba. A nemo wani abin."

"Babu wani abin, Umma."

"To a bar ni a nan."

Dattijon ya ɗaga murya daga can. "Hajiya! Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ko ki shiga yanzu kina gani, ko anjima mu sa ki a ciki ba ki sani ba. Zaɓi ɗaya, ruwan ba jira yake ba."

Ta gyara mayafinta, ta naɗe carbin a hannu, ta yi bisimilla. Ta ce mini, "Riƙe mini kai, mara jin magana." Muka kwantar da ita a ciki. Kafaɗunta da kyar suka shiga. Ta rufe ido. Ganinta a haka, a miƙe cikin makara da farin mayafi, wallahi sai da na kawar da kai. Na ce a raina ni na yi wannan.

Aka fara ja a hankali. Ƙarfe yana kuka a kan kwano, ni ina biye da jan ciki ina tura ta baya. Mun yi rabi sai wani kwano ya nutse ta gefe guda, makarar ta karkata, baƙin ruwan ya taɓa zaninta. Na cusa kafaɗata a ƙarƙashi na tokare, bakin kwanon ya yanke ni a hannu, ban ma ji ba sai daga baya. Na dinga cewa, "Ku ja! Ku ja mana!" Umma kuwa ko motsi ba ta yi ba, leɓenta kawai ke tafiya.

Da makarar ta taɓa ƙasa mai ƙarfi mutum shida suka ɗaga ta sama. Wani a cikinsu, saboda sabo, sai ya fara salati irin na rakiyar gawa, wasu suka amsa. Umma ta buɗe ido ta ce, "Kai! Ban mutu ba tukuna. Ku sauke ni." Mutane suka fashe da dariya. Ni dai na zauna a taɓo na kifa kai, kuka ya ƙwace mini a gaban kowa.

Matan wani gida suka shigar da ita suka ba ta zani. Sai bayan azahar aka samu tifa ta jawo motar da sarƙa, lokacin rufinta da ƙofar baya kawai ake gani. Yaya ya iso tun kafin nan. Bai zage ni ba, na so ma ya zage ni. Ya shiga ya ga Umma, ya fito ya tsaya yana kallon ɗan kwarin nan na bakin shiga.

Dattijon ya ce masa, "Alhaji, ba shi ne na farko ba. Duk damina sai wani ya gwada. Amma a nan suke kafewa, mu sa hannu mutum huɗu mu tura su baya, su zage mu su tafi. Taku ce ta fara wucewa."

Yaya ya juyo ya kalle ni ya ce, "To Auta, ka gamu da yashin." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Da aka gyara motar Yaya ya rabu da ita, ya sayi ƙarama mai jan gaba, ya koyi tuƙi sosai ya dinga kai kansa ofis. Na yi wata biyu ban taɓa sitiyari ba. Ko a ƙafa nake, in na taka wajen da ya ɗan lotsa sai gabana ya faɗi.

Washegarin ranar da muka kafe ɗin, a tasi Umma ta je gaisuwar, kuma ta ce in raka ta. Ina tsugune a bakin ƙofar ɗakin na ji tana ba matan labarin makarar. Ta ce musu, "Na dai gwada ta, ta matse ni a kafaɗa. In lokacin ya yi ku ce a nemo mai faɗi." Suna ta dariya suna cewa Allah ya ƙara nisan kwana. Ni ban iya dariyar ba. Ta hango ni ta ce, "Tashi ka samo mana tasi. Kuma ka gaya masa ta titi za mu bi."