Baba Abakar, Mai Ƙirga Kawuna

Da hantsi, kafin unguwar Ainu Shams da ke Alƙahira ta gama cika da hayaniya, Baba Abakar ya riga ya hura tanderu, ya kwaɓa fulawa, ya lulluɓe ta da farin ƙyalle. Shekara ashirin da biyu ke nan yana gasa fiza, gurasar nan ta Italiya, a ɗan gidan abincin da mu Hausawa muke kira Ƙauyen Italiya, saboda zanen wani ƙauye mai tuddai da ke jikin bango. Wurin mai iyali ne, ga sauƙin farashi, yaro ya ɓarar da lemo ba mai hararar sa. Ƙarshen watan nan Baba zai ajiye aiki, kafaɗa ta gaji.

Bahaushen Sudan ne, bai taɓa taka Kano ba, balle Italiya. Amma yana da wata ɗabi'a da ba wanda ya koya masa: ba ya sa wuƙa a fiza sai ya leƙo ta 'yar tagarsa ya ƙirga kawunan da ke teburi.

Ni a kaina na gani. Shekarar da surukina Alhaji Sharif ya zo daga Funtuwa ganin likitan ido, na ce bari in fita kunya. Na ɗebe shi da matata Ihsan da 'ya'yanmu biyu, da kuɗin fiza biyu cif a aljihuna. Zamanmu ke da wuya sai ga maƙwabcinmu Malam Hussain da iyalinsa, su shida, za su wuce. Alhaji da ya ji Hausa a bakin titin Alƙahira, sai ya miƙe ya riƙe hannun mutumin.

"Wallahi ba za ku wuce ba. Bismillah!"

Dattijo ya rantse, wa zai musa? Shi a tunaninsa tuwon gida ne, a ƙara ruwa a miya kowa ya samu. Ni kuwa na shiga lissafi. In yi shiru, abinci ya gaza a gaban suruki. In ƙaro, ba abin biya. Na lallaɓa wajen taga, ban ma buɗe baki ba Baba ya riga ni.

"Ku sha ɗaya ne, na ƙirga. Koma ka zauna, ɗana."

"Baba, biyu kawai na..."

"Biyun za ka samu. Khalas, shi ke nan."

Ya murza kwaɓin nan ya yi faɗi har ya cika bakin tanderu, ya yayyanka shi ƙanana, ya jera a babban faranti ɗaya, ya barbaɗa yajin da yake ajiyewa don kansa. Muka sa hannu gaba ɗaya kamar a zaure. Kowa ya ƙoshi. Alhaji ya suɗe yatsa ya dubi 'yarsa ya ce, "Mijin nan naki ya iya karɓar baƙi." Har ya koma ga Allah yana faɗin maganar nan.

Sai bara Madam Eman, mai gidan abincin, ta faɗa mini inda ƙarin kwaɓin ya fito. Kullum tana ware wa Baba curi ɗaya na abincin ranarsa. "Rabin kwanakin nan ba ya ci," in ji ta. "Yana ƙirga kowa, ban da kansa."

Kai ne, Baba Abakar, mai rufa asirin magidanta. Kai ne ka tsaya gaban wuta shekara da shekaru don kada wani uba ya sunkuyar da kai a gaban 'ya'yansa. Ina alfahari da cewa namu ne kai, kuma ina jin kunyar ranakun da na ƙoshi kai kana da yunwa. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa a kowace sana'a, ku riƙa ɗaga kai ku dubi wanda kuke yi wa aiki kafin ku yanka.

Ranar Juma'ar ƙarshen watan nan duk za mu hallara, har da Malam Hussain. Madam Eman ta yarda ni zan riƙe wuƙar. Ka fito daga bayan tagar nan ka zauna, Baba, daga kanka zan fara ƙirga.